Faifan Rope: gawa a akwati, abinci a kai

Faifan DVD na Rope na saya, wanda kamfanin Universal ya fitar. Fim ɗin darakta Alfred Hitchcock ne na 1948, na farkonsa mai kala, kuma minti 80 ne kacal. Kafin ka gyara zama an gama kisan. Samari biyu, Brandon da Phillip, sun shaƙe abokinsu David da igiya a wani gidan bene a New York, sun jefa gawar cikin ƙaton akwatin katako a falo, suka jera abincin walima a kai. Cikin baƙin da suka gayyata har da mahaifin mamacin da budurwarsa.

To ka ga babu zancen wa ya kashe wa. Kai ka sani, su biyun sun sani, baƙi kuwa suna ta ɗibar kaza a kan gawa suna tambayar me ya tsare David. Wurin da ya fi tsinka min zuciya babu ko ihu a cikinsa. Mai aikin gidan, Misis Wilson, tana kwashe kwanuka daga kan akwatin, ta kai kicin, ta dawo, ta ɗauke kyandir, ta cire mayafin, ta kwaso littattafan da za ta mayar ciki. Kyamara ta kafe a kanta, masu hira suna gefe, muryarsu kawai kake ji. Har ta fara ɗaga murfin kafin Brandon ya tare ta. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

An ɗauki fim ɗin kamar ba a yanka shi ba, alhali kyamarar lokacin ba ta wuce kimanin minti 10 a ɗauka guda. Sai su kai ta jikin bayan kwat ɗin wani, allo ya yi baƙi, su haɗa. Dabarar nan a fili take, a faifan ma har ta fi fitowa. Abin da ya burge ni shi ne garin da ke bayan taga, yadda rana take faɗuwa a hankali har fitilu su kama.

James Stewart, a matsayin Rupert, tsohon malamin samarin da ke cikin baƙin, ya iya titsiye da tambaya, amma huɗubarsa ta ƙarshe ta la'antar kisan ta yi tsawo, ban kuma yarda da ita ba, tunda tun farko shi ya cusa musu ra'ayin cewa waɗanda suka fi wasu daraja suna iya kashe na ƙasa da su.

Kalar faifan ta ɗan koɗe, sauti kuwa garau. Akwai ƙarin shiri inda marubucin fim ɗin, Arthur Laurents, yake ganin da ba a nuna kisan ba, a bar mai kallo yana wasiwasin ko akwai gawa a akwatin. Ni dai ina bayan Hitchcock. Da ban ga an saka David a ciki ba, kwashe kwanukan Misis Wilson aikin gida kawai zai zama.