Mun fitar da Baba daga Medicare Advantage, mun koma na gwamnati

Baba ya cika shekara 65 a watan Maris na 2024, bayan ya yi sama da shekara ashirin yana tuƙin tasi a nan Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka. A wannan shekarun ne mutum ke shiga Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ko dai kai tsaye ko ta hannun kamfani mai zaman kansa, wato Medicare Advantage. Tun kafin ranar ta zo takardun kamfanonin inshora suka cika mana akwatin wasiƙa. Wani dillali ya zo har falo, ya sha shayinmu, ya ce tsarinsu ba a biyan ko sisi a wata ban da kuɗin Part B (ɓangaren Medicare na ganin likita) da kowa ke biya, ga gyaran haƙori, ga tabarau, ga kati na sayen man zafi da sabulu a kantin magani. Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, me kika gani?" Na ce ya sa hannu. Har yau wannan amsar tana ci min rai.

Wata bakwai ba mu da abin cewa. Maganin hawan jininsa yana zuwa, an yi masa tabarau. Sai a watan Oktoba, da asuba, ya tashi zai yi alwala buta ta kuɓuce masa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki.

Asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Da ya ɗan farfaɗo, likita ta ce a kai shi asibitin gashi, inda za a riƙa yi masa motsa jiki awa uku a rana, domin makonnin farko su ne hannu da ƙafa suka fi saurin dawowa. Gado yana nan, an ma faɗa mana ɗakin. Abin da ya rage izinin kamfani. Muka jira kwana uku. Amsa ta zo: ba su yarda ba, wai bai kai ga buƙatar wannan matakin ba, a kai shi gidan jinya. Mutumin da bai taɓa ganin Baba ba, bai ga yadda cokali ke faɗuwa daga hannunsa ba, shi ya soke maganar likitar da ke tsaye a kansa.

Muka haƙura muka tafi gidan jinyar. A rana ta goma sha biyu wata ma'aikaciya ta miƙo min takarda in sa hannu, wai nan da kwana biyu kamfani zai daina biya. A lokacin Baba bai iya zuwa banɗaki sai mutum biyu sun riƙe shi. Na fita wajen ajiye motoci na yi kuka son raina, sannan na buga lambar ɗaukaka ƙara da ke jikin takardar. An ƙara mana kwanaki, amma bayan mako guda ga wata takardar irinta. Ina aikin dare, ina da yara biyu, na koma lauya da ƙarfi da yaji. Daga baya na ga rahoton babban sufeton ma'aikatar lafiya ta Amurka na 2022, wanda ya ce kashi 13 cikin ɗari na buƙatun da irin waɗannan kamfanoni suka ƙi ba wa izini sun cika sharuɗɗan Medicare. Ban yi mamaki ba.

Wata baiwar Allah a ofishin SHIIP, masu ba tsofaffi shawara kyauta a jihar nan, ita ta buɗe min ido. Ta tambaye ni yaushe Baba ya shiga tsarin. Da na ce Maris, sai ta ce in yi maza. Wanda ya shiga Medicare Advantage tun farkon cikarsa 65 yana da wata 12 na gwaji. In ya fita cikin wannan lokaci, dole kamfani ya sayar masa da Medigap, wato inshorar ciko da ke biyan abin da na gwamnati ya bari, ba tare da tambayar ciwonsa ba. In wa'adin ya wuce, a mafi yawan jihohi suna da ikon duba tarihin lafiyarka su ƙi ka. To wa zai karɓi mai shanyewar jiki? Kuma ba tare da cikon nan ba, na gwamnati kashi 80 yake biya na kuɗin likita, sauran 20 naka ne, ba shi da iyaka. Dillalin nan bai taɓa furta wannan ba.

Kafin 7 ga Disamba, ranar rufe canjin tsari na shekara, na yi masa rajistar Part D na magani, na sayi cikon da ake kira Plan G, ranar 1 ga Janairun 2025 muka koma. Sauƙin da na ji ba ya misaltuwa. Likitan ƙwaƙwalwar da ake yabo a Durham, wanda a da aka ce ba ya cikin jerin likitocin kamfanin, na kira aka ba mu rana. Aka ce a sake hoton MRI, aka yi a makon, babu jiran kowa. Mun biya dala 257, kuɗin farko na Part B da mutum ke biya da kansa a shekarar 2025, daga nan ban sake ganin takardar bashin likita ba.

Amma kada wani ya ɗauka kyauta ce. Kuɗin Part B na wata, dala 185 a 2025, ana zare su daga fanshonsa kamar da, yanzu ga kuɗin Plan G duk wata, ga na Part D, kuma an gaya mana na cikon yana iya hawa shekara shekara. Ni da yayana muke haɗawa. Kati uku yake yawo da su maimakon ɗaya, kullum sai ya rikice wanne zai miƙa. A watan Mayu turmin haƙorinsa ya fashe, a nan na san na gwamnati ba ruwansa da haƙori, ba ruwansa da tabarau ko na'urar ji. Daga aljihu muka biya, kuma ya yi zafi. Ranar har Baba ya ce da mun bar shi inda yake. Raina ya ɓaci, na tuna masa takardar rana ta goma sha biyu, ya yi shiru, ni ma na ji ba daɗi.

Sai maganar gida. Yana ta ƙorafin yana son zuwa Maraɗi ya ga 'yan'uwa. Medicare ba ya bin mutum wajen Amurka, sai dai Plan G yana biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a kwana 60 na farkon tafiya, iyakarsa dala 50,000 a tsawon rai. Da wannan na ɗan samu natsuwar barinsa ya tafi bayan Sallah.

Abin da ya fi tsaya min a rai abokinsa ne na masallaci, mai ciwon suga, shekara huɗu a irin tsarin da muka baro. Ya ga yadda muka yi, ya nemi ciko, kamfani biyu suka ƙi shi. Ya zo gaishe da Baba ranar Juma'a da takardun a aljihun babbar riga, ya ce, "'Yata, duba min ko akwai wata hanya." Na karanta su sau biyu, na rubuta masa lambar matar nan ta SHIIP a bayan ambulan.