Matewan ko Salt of the Earth: wanne zan fara saukewa?

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka sunayen finafinai biyu a kan yajin aikin masu haƙar ma'adinai a Amurka, kuma datar guda ɗaya gare ka. Ni dai Salt of the Earth zan ce ka ɗauka.

Ba wai Matewan ya gaza ba. John Sayles ne ya shirya shi a 1987, kan wani garin masu haƙar kwal a jihar West Virginia a 1920. Kamfani ya kwaso baƙaƙen fata da 'yan Italiya su maye gurbin masu yajin aiki, don talaka ya yi ta faɗa da talaka. Hotonsa tsaf, James Earl Jones ya taka rawar gani. Ƙarshensa ɓarin wuta ne a tsakiyar gari, kuma abin ya faru da gaske ranar 19 ga Mayu, mutum 10 suka mutu. In kana son a tada maka tsigar jiki, nan ne.

Salt of the Earth kuwa na 1954 ne, hotonsa baƙi da fari, yawancin 'yan wasan ma mahaƙa ne 'yan asalin Meziko da iyalansu, waɗanda suka yi wata 15 suna yajin aiki da kamfanin Empire Zinc a New Mexico. Da kotu ta hana mahaƙa tsare hanyar kamfanin, sai matan suka ce ai takardar ba ta ambace su ba. Suka fita, maza suka zauna da yara. Tun farko matan sun roƙi a sa ruwan famfo cikin buƙatun ƙungiyar mahaƙa, mazan suka ce ba yanzu ba. Sai ga gogan naka, Ramon, jarumin fim ɗin, ya sha faskare da dafa ruwan wanki, yana tsaye gaban igiyar shanya yana mita wai ai da ruwan zafi aka sa a buƙatu tun farko! Wannan wurin kaɗai ya biya kuɗin datarka.

Fim ɗin kansa ya sha wuya. Daraktansa Herbert Biberman ya taɓa zaman kurkuku saboda ƙin amsa tambayoyin majalisa kan kwaminisanci, an tasa ƙeyar jarumar, Rosaura Revueltas, zuwa Meziko ana tsakiyar ɗauka, gidajen silima kuma suka ƙi nuna shi sai 'yan ƙalilan.

Matewan ka bar shi sai an yi albashi.