Wa Za Ka Ba Aikin Tayil Ɗin Banɗaki a Jidda?

Tun bayan rusau ɗin da aka yi wa unguwannin kudancin Jidda a 2021 da 2022, irin su Gulail da Karantina da Sabil, mutanenmu da yawa sun watsu cikin tsofaffin benaye a sassan gari, kuma kusan duk gidan da aka shiga, banɗaki ne ke fara neman gyara. Tayil ya dushe, wani ya fashe, ƙasa tana riƙe ruwa, wari yana tasowa daga magudana. Shi ya sa tambayar da ke yawo a tsakaninmu, a wurin ɗaurin aure ko a ƙofar masallaci bayan isha'i, ita ce wa za a ba aikin. Hanya huɗu ce a gabanka, kuma tun yanzu zan faɗa, mutum ɗaya ne kawai a cikinsu nake iya miƙa wa makullin gidana.

Akwai masu tsayuwa bakin titi da sassafe, kowa da bokiti da cokalin gini. Su ne mafi araha, kuma su ne waɗanda wayarsu ke mutuwa ranar da ka neme su. Ga kuma dokar ƙwadago ta ƙasar nan, wadda ta hana baƙo yin aikin gaban kansa, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya sa shi, don haka ko ƙara ba za ka so kaiwa ba. Akwai masu talla a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, da hotunan banɗakuna masu ƙyalli waɗanda ba ka da hanyar sanin ko su suka yi. Akwai manyan kamfanonin gyaran gida, masu ofis da injiniya da takardar garanti. Idan gida sukutum za ka gyara, je gare su. Amma a kan banɗaki ɗaya, kuɗin ya yi yawa, kuma wanda ya zauna da kai a ofis ba shi ne zai durƙusa ya ɗora tayil ba.

Wanda nake so shi ne mu'allim guda, wato gwanin sana'a, sananne, wanda ke aiki a ƙarƙashin ƙaramar mu'assasa, wato ƙaramin kamfani mai rajistar kasuwanci, ya yi shekaru a unguwa ɗaya, kuma shi da hannunsa zai yi aikin. Irin wannan mutum yana haɗa maka abu biyu. Akwai takarda da fatura, wato rasit, idan rigima ta taso, akwai kuma fuskar da za ta ji kunya. Ya san gobe zai haɗu da kai a kantin kayan gini, ya san surukinka ne ya turo ka, kuma idan ya ɓata maka, ya ɓata wa kansa gidaje goma da ke bayanka. Ban damu da ƙasar da ya fito ba. Na ga Bayamane mai hannu, na ga ɗan Pakistan da ɗan Masar masu hannu, na ga namu ma, kuma a kowane ɓangare akwai maha'inta.

Kada ka yarda da aikin da ya gama jiya. Sabon tayil ko da wa ya ɗora shi yana da kyau a ido. Ka ce ya kai ka banɗakin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, wanda iyali ke wanka da alwala a ciki kullum. Mu'allim na gaske ba ya jin haushin wannan, har murna yake yi. Idan ka shiga, ka cika bokiti ka watsa a lungun da ya fi nisa da magudana, ka tsaya ka gani. Ruwan ya kamata ya tafi da kansa ba tare da an bi shi da tsintsiya ba, domin ƙa'idar gangara ita ce santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Sannan ka ɗauki makulli ka riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna daram yana ba da amo mai nauyi, wanda ƙasansa ke da rami yana ƙara kamar ganga, shi ne masu sana'ar ke kira taɗbil. Daga nan ka nemi izini ka sauka wurin maƙwabcin da ke ƙasa ka ɗaga kai ka dubi rufin banɗakinsa. A can ne ainihin shaidar aikin take.

Na nace da maganar maƙwabcin ƙasa ne saboda abin da ya same mu a gidan mahaifiyata. An yi mata sabon banɗaki, tayil fari tas, layi a miƙe, duk wanda ya shiga sai ya yaba. Ba a daɗe ba wata dattijuwa da ke zaune a ƙasa ta aiko jikanta ya kira ni. Ina shiga ta ce, "Ɗana, ba faɗa na kira ka mu yi ba, ni da Hajiya mun wuce haka. Amma ɗaga kai ka gani." Fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, wani wuri ya ɓare yana zubar da farin gari mai gishiri, ga ɗigon ruwa yana taruwa a gefen fitila. Ta ajiye roba a ƙasa tana tara. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan nauyinmu ne." Da aka fasa sabon tayil ɗin, sai ga yashin da ke ƙasa jiƙe sharaf, baƙi, yana wari. Azal ɗin da aka karɓi kuɗinsa, wato shingen hana ruwa ratsawa, an shafa shi ne a tsakiyar ɗaki kawai, wajen da ido zai gani a hoto, an bar lunguna da gindin bututu haka nan. Mutumin da ya yi aikin ya tsaya a kan cewa famfo ne ke yoyo, ba ruwansa. Sai da muka biya kuɗin banɗaki sau biyu, muka ƙara da gyaran rufin baiwar Allah nan.

Tun daga nan, da azal nake auna kowane mai tayil, wato shingen da ake yi a ƙasa don kada ruwa ya ratsa. Yawancin benayen nan an gina banɗakunansu da ƙasa mai zurfi, a shimfiɗa bututu a ciki, a cike da yashi, sannan a ɗora tayil. Duk ruwan da ya ɓulla ta tsakanin tayil, cikin yashin nan yake zama, kuma ba shi da hanyar fita sai ta rufin maƙwabci. Mu kuma mutane ne masu amfani da ruwa. Ga alwala sau biyar, ga buta, ga wanke ƙasa da bokiti. Azal iri biyu aka fi yi, ko dai nadin kwalta mai kaurin milimita 4 da ake mannawa da wuta, ko kuma na siminti da ake shafawa shafi biyu, na biyu ya gitta na farko. Kowanne ka zaɓa, dole ya hau bango aƙalla santimita 20 zuwa 30, a wajen shawa kuma ya wuce tsayin mutum, a zagaye gindin kowane bututu da kyau. Idan ya bushe, a toshe magudana a cika wurin da ruwa, a yi alama a bango, a bar shi awa 48. Ka zo da kanka ka duba alamar, ka sauka ƙasa ka duba rufi. Duk mu'allimin da ya ce maka, "Ya Hajj, ba sai an yi wannan ba, ni na san aikina," ka ba shi kuɗin mota ya tafi. Haka nan mai famfo ya gwada bututunsa da matsi kafin a rufe, don kada gobe su biyun su riƙa jefa wa juna laifi.

Kaya kuwa ka saya da kanka. Wannan ita ce babbar fa'idar aiki da mu'allim guda, ka yi jinga da shi a kan kuɗin hannu, mita kaza riyal kaza, kai kuma ka je kanti. Jingar da ta haɗa da kaya nan ne algus ke ɓuya, domin duk riyal ɗin da ya rage a siminti da gam aljihunsa zai shiga.

A kanti ma sai ka buɗe ido. Tayil yana da daraja ta ɗaya da ta biyu, kuma akwai masu nuna maka na ɗaya a bango su loda maka na biyu a mota. Ka buɗe kwali a gabansu, ka zaro guda biyu ka haɗa su fuska da fuska. Idan suna rawa, ko haske na wucewa ta tsakiya, a karkace suke, kuma babu gwanin da zai daidaita su. Ka duba lambar launi da lambar girma da ke jikin kwalayen, su zama iri ɗaya duka, in ba haka ba bango zai fito maka kala biyu. Akwai kuma masu sayar da siramik da sunan borsalan. Borsalan na gaske ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, saboda haka ka juya bayansa ka ɗiga ruwa: in ya tsaya ƙwal to shi ne, in ya shanye nan take to an yi maka ƙarya. Na ƙasa ya zama mai kaushi, mai lambar R10 ko sama, musamman gidan da akwai tsofaffi, kada a bi ƙyalli a karya ƙugu. Ni na fi natsuwa da na kamfanin Saudi Ceramics ko RAK na Hadaddiyar Daular Larabawa, saboda idan ya ƙare maka za ka sake samun irinsa. Na Sifen yana da kyau, sai tsada. Na Indiya da Sin akwai nagari a ciki, amma ka duba tambarin inganci na hukumar SASO a kwali, ka kuma lura da masu rubuta sunan Italiya da manyan baƙaƙe alhali ƙasar da aka yi shi tana can ƙasa da ƙananan rubutu. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan awonka saboda yanka da fashewa, abin da ya rage ka adana.

Gam ɗin tayil ma ana ha'inci a kansa. Borsalan ba ya kama siminti zalla da kyau tunda ba ya shan ruwa, yana buƙatar gam mai alamar C2. Ka duba ranar da aka yi buhun, ka matsa shi da hannu, in ka ji dunƙule-dunƙule to damshin Jidda ya riga ya cinye shi a sito. Akwai masu haɗa buhu ɗaya na gam da siminti da yashi don ya yi auki, su kai sauran gida. Ka ce a ajiye maka buhunan da aka juye ka ƙirga. Ka kuma leƙa lokacin da ake ɗora na bango. Maha'inci yana ɗana gam dunƙule biyar a bayan tayil ya manna, sauran wurin fanko. Mai gaskiya yana shimfiɗa shi da cokali mai haƙora ya rufe ko'ina, kuma ba ya shafa fili mai faɗi a lokaci ɗaya, domin gam na yau da kullum minti 20 ne rayuwarsa a bango, a zafin nan namu ma bai kai haka ba. A bar tazarar milimita 2 ko 3 tsakanin tayil, a jira kwana guda kafin a cusa tarwiba, wato abin cike tsakanin tayil, a lungunan da bango ya haɗu da ƙasa kuma a sa silikon.

Hatta fatura ana yin ta jabu. Tun Disamba 2021 aka wajabta fatura ta lantarki, kuma wadda ake ba mai saye tana ɗauke da lambar QR da za ka iya dubawa da manhajar hukumar zakka da haraji. Wanda ya caje ka harajin kashi 15 cikin ɗari ya miƙo maka takardar hannu, kuɗinka ya ci, kuma ranar rigima ba ka da abin nunawa.

Biyan kuɗi a yi shi kashi-kashi. Kafin alƙalami kaɗan, wani kaso bayan azal ya ci gwajin ruwa, wani bayan an gama ɗorawa, na ƙarshe sai ka watsa bokiti ka ƙwanƙwasa da makulli ka gamsu. A rubuta wannan a takarda da tambarin mu'assasa, a faɗi irin azal da irin gam da ranar gamawa. Ka ɗauki hoton kowane mataki kafin a rufe shi. Idan haya kake, mai gida ya amince a rubuce tukuna, ka kuma duba yarjejeniyarku ta Ejar, wato tsarin rajistar haya na gwamnati, ka ga gyaran yoyo a wuyan wa yake, kada ka kashe kuɗi a kan abin da nauyinsa ne.

Idan kuma an riga an ɓata maka, kada ka fara da zagi, kada kuma ka kira wani ya taɓa aikin kafin ka ɗauki hoto da bidiyo. Ka kira mai aikin tare da wanda ya haɗa ku, a tsaya a cikin banɗakin a watsa ruwa kowa ya gani. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, musamman in akwai sauran kuɗinsa a hannunka. In kanti ne ya sayar maka da jabu, akwai layin 1900 na ma'aikatar kasuwanci da manhajarta ta Balagh Tijari. In mu'assasa ce ta ƙi gyarawa, ana neman sulhu ta Taradhi, a shigar da ƙara ta Najiz, duka shafukan intanet na ma'aikatar shari'a, kuma a nan ne takardar jinga da fatura da hotunan nan za su yi maka magana. Tayil ɗaya ko biyu masu ƙara ana iya cire su a sake. Amma idan gangara ce ta ɓaci ko azal ne babu, kada ka yarda da wanda zai zo da tarwiba da silikon ya ce ya toshe. Ruwan yana can cikin yashi yana cin ƙarfen dakali, sai an fasa ƙasan gaba ɗaya, an kwashe jiƙaƙƙen yashin, an bar wurin ya bushe, sannan a sake azal daga farko a gwada shi da ruwa.