Ruwa a tirelar kwana: tanki, jarka, salka ko filta, wanne za ka fara saya?

Duk wanda ya mallaki tirelar kwana, wato ɗan gidan nan mai taya da ake ɗaurewa a bayan mota a ja shi, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki, in dai zai yi doguwar tafiya to maganar ruwa ce za ta fi damunsa, ta fi ta wuta ta fi ta gas. Wuta in ta ƙare akwai sola akwai janareta, gas kuma tukunya ɗaya tana daɗewa, amma ruwa in ya ƙare a inda babu famfo shikenan zama ya ƙare sai a tashi. Abun da yake damuna shi ne mutane da yawa da zarar sun ji haka sai tunaninsu ya tafi kan ƙara girman tanki, alhali a ganina shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya kashe wa kuɗi.

Mu fara da nauyi, don shi ne alƙalin komai a nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, galan na Amurka kuma lita 3.8 ne. Tankin ruwa mai tsafta da ake haɗo tirela da shi yakan kama daga wajen lita 75 a ƙananan har sama da lita 200 a manya, toh ka ga in naka mai lita 150 ne ka cika shi ka ɗora wa tirelar kilo 150 kenan tun ba ka saka ko cokali ba, ga kuma tankin dafa ruwan wanka da yawanci yake cin galan 6, wajen lita 23. Kowace tirela akwai takarda manne a jikinta da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ta kai, a tirelolin Amurka za ka ga an rubuta GVWR, da kuma yawan kayan da za ta iya ɗauka. Ka je ka karanta wannan takardar kafin ka sayi komai dan Allah. Kuma ba yawan nauyin kaɗai ba, inda ya zauna ma magana ce, domin ƙa'idar ja a Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan maƙalin da ke haɗa ta da mota, in tankinka yana bayan tayoyi ne ka cika shi taf sai gaban ya yi sauƙi, daga nan ne tirela take fara lilo a titi in babbar mota ta wuce ka ko iska ta bugo, kuma wallahi wannan ba abun wasa ba ne da iyali a cikin mota. Ka duba littafin tirelarka ma ka ga ko masu ƙera ta sun yarda a yi tafiya da tanki cike, don ba kowane marikin tanki aka yi shi da ƙarfin ɗaukar wannan jijjigar ba.

Sai lissafin buƙata. Mutum mai tattali yana iya rayuwa lafiya lau da lita 15 zuwa 20 a rana, sha da girki da wanke-wanke da ɗan wanka, kenan mutum biyu da tankin lita 150 za su yi kwana huɗu zuwa biyar. Amma kan shawa na gama-gari yana zubar da wajen lita 9 a minti ɗaya, wanka ɗaya na minti biyar da ruwa a sake ya cinye kusan lita 45, kashi ɗaya cikin uku na tankin ya tafi kenan. Shi yasa kan shawa mai rage zubar ruwa, mai ɗan maɓallin tsayarwa a hannu, yana cikin abubuwa mafi araha da suke ƙara maka kwanaki, ka jiƙa jiki ka tsayar ka sa sabulu ka ɗauraye. Kuma kar a manta duk ruwan da ya fita daga tanki mai tsafta ba ɓacewa yake ba, tankin ruwan wanke-wanke yake shiga ko na bayan gida, in ka ninka ruwan da kake ɗauka ba ka da inda za ka zubar da dattin bisa ƙa'ida to ka canja matsala ne kawai daga wannan tanki zuwa wancan.

Toh yanzu in tankin bai isa ba, hanyoyin ƙari guda uku ne a gabanka.

Jarka ita ce ta farko kuma ni ita nake ba kusan kowa shawara. Mai lita 20 dai mutum ɗaya zai ɗaga ta, kilo 20, akwai irin su Aqua-Tainer mai galan 7 wato wajen lita 26 da ɗan famfonta a jiki, wannan ta ɗan fi nauyi sai mai ƙarfi, a Ingila kuma masu irin wannan tirela, da suke kira karaban, sun fi amfani da Aquaroll, ganga ce mai lita 40 da ake gangarawa a ƙasa maimakon ɗauka. Abun da ya sa nake son jarka ba arha kawai ba ne. In ka kafa tirela ka daidaita ta ka sauke ƙafafunta, ba sai ka sake kwance komai ka ja ta zuwa famfo ba, jarkokin kawai za ka jefa a mota ka je ka ciko. Sannan ruwan a rarrabe yake, in ɗaya ta fashe ko ka ɗebi ruwa mai wari a wani wuri asarar ta tsaya a lita 20, ba duk ajiyarka ba. Kuma kana iya raba nauyin yadda kake so, wasu a mota wasu a tirela daidai saman tayoyi. Wahalarta ɗaya, ɗagawa a juye a bakin tanki, bayan mutum yana jin jiki in jarkokin sun kai huɗu biyar, maganinsa kuwa mazurari mai dogon baki ko ƙaramin famfon batir mai bolt 12 da zai tsotso ruwan daga ƙasa. Ka tabbata robar ta abinci ce, an rubuta a jikinta ta dace da ruwan sha, mai kauri wadda haske baya ratsawa sosai don haske ne yake kawo gansakuka, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko wani sinadari ko sau ɗaya ne ta haramta ga ruwan sha komai wankin da aka yi mata.

Ta biyu salkar roba, babbar jaka ce da ake shimfiɗawa a bayan a-kori-kura a cika ta da ruwa, in ta ƙare a naɗe ta ta koma ƴar mitsitsiya. Akwai mai galan 30 akwai mai 60 har sama da haka. Ga wanda zai zauna sati biyu a daji wuri ɗaya da iyali masu yawa gaskiya babu kamarta, tafiya ɗaya ka kawo abun da zai cika tanki gaba ɗaya. Amma ita dole sai da famfon juyewa, dole sai ka shimfiɗa mata wani abu a ƙasa don ƙusa ɗaya ko tsinin ƙarfe ya isa ya huda ta, busar da cikinta bayan tafiya aiki ne, kuma ruwan yana kai-komo a ciki in ka taka burki, galan 60 kilo 227 ne fa yana motsi a bayanka, sai ka duba ko motar ma an yarda ta ɗauki hakan. In tafiyarka irin ta kwana biyu nan kwana uku can ce, bar salka, ba ka buƙatarta.

Ta uku ƙarin tanki na dindindin a ƙarƙashin tirela. Yana da daɗi don babu ɗauka babu juyewa, amma shi ya fi tsada, yana son ƙwararren mai haɗawa, yana canja daidaiton nauyin tirelar har abada, kuma in tirelar sabuwa ce yana iya taɓa garantinta. Sai wanda tirelar ta zama gidansa shekara da shekaru kuma takardar nauyinsa ta nuna akwai sauran sarari mai yawa.

Amma kafin duk waɗannan akwai ƙananan kaya da nake ganin su ne farkon saye, don ruwa mai yawa mara tsafta ba shi da amfani. Tiyo na ruwan sha, yawanci fari ne ko shuɗi, an rubuta babu dalma a ciki, kar ka yi amfani da tiyon ban ruwan fulawa don yana sakin ɗanɗanon roba da sinadarai musamman in ya sha rana. Ka ware shi shi kaɗai, in ka gama ka tsiyaye shi ka haɗa bakinsa biyu wuri ɗaya ka ɗaure, kuma kada ya taɓa kwana a akwati ɗaya da tiyon zubar da bayan gida. Sai regileta, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin famfo ya rage ƙarfin ruwa. Bututun cikin tirela na roba ne, sun fi zama lafiya a psi 40 zuwa 50, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, wasu wuraren sauka kuwa ruwansu yana zuwa da ƙarfi fiye da haka nesa ba kusa ba, sai ka wayi gari wani haɗi ya ɓalle a bayan kabad ruwa ya jiƙa katako. Akwai ƙaramin da ba a juya shi, yana aiki amma yana shaƙe ruwan shawa ta zama tsiyaya, akwai kuma mai agogo da ake saitawa, in da hali ɗauki mai agogon, a bakin famfo ake sa shi ba a jikin tirela ba don ya kare tiyon shi ma.

Maganar filta ita ce inda aka fi ruɗar masu saye, bari in ɗan daɗe a kanta. Filta ɗin nan shuɗi dogo da ake ɗaurawa a tiyo, irin na Camco da makamantansa, gawayi ne a ciki kuma ramukansa wajen maikron 20 ne, maikron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, aikinsa tare yashi da laka da rage warin kulorin, ruwa ya yi daɗin sha. Iyakarsa kenan. Baya tare ƙwayoyin cuta, ko kaɗan. Giardiya da kiriptosporidiyom ƙwayoyin cuta ne masu kwanso da ke sa gudawa, ta farkon girmanta wajen maikron 8 zuwa 12 ne, ta biyun 4 zuwa 6, bakteriya ta fi su ƙanƙanta sosai sai filta mai maikron 0.2 yake tare ta, bairos kuwa ko wannan yana wucewa. Saboda haka in kullum a wuraren sauka masu ruwan gari da aka riga aka tace kake cika tanki, wannan ƙaramin ya wadatar, ka dinga canja shi duk ƴan watanni. In kuwa za ka dinga ɗiba a rijiyoyin burtsatse da famfunan da ba ka san asalinsu ba, ka nemi mai gwangwani biyu, na farko maikron 5 ya kwashe laka, na biyu dunƙulen gawayi mai maikron 0.5 ko 1, ka duba ko akwai shaidar NSF a jikinsa, wato ƙungiyar Amurka mai gwada ingancin irin waɗannan kaya, lamba 42 ta ɗanɗano da wari ce, lamba 53 ita ce ta lafiya kamar dalma da waɗancan ƙwayoyin masu kwanso. Fitilar UV, wadda take haska ruwa ta kashe ƙwayoyin cuta, tana kashe har bairos amma tana cin batir kuma bata aiki sai ruwan ya riga ya washe tas, don haka bayan filta ake sa ta. Injin RO kuwa, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fatar tacewa, duk da ya fi kowa tacewa ban ga dacewarsa da mai tattalin ruwa ba, saboda yana zubar da ruwa mai yawa kafin ya ba ka lita ɗaya. Wani abu da mutane basa lura da shi, gawayi yana cire kulorin, kulorin ɗin kuma shi yake hana ruwa lalacewa in ya kwana biyu a tanki cikin zafi, shi yasa ni na fi son a tace laka kawai wajen cikawa, a bar kulorin ya shiga tanki, sannan a sa filta mai kyau a ƙarƙashin famfon kicin inda ake ɗiban na sha. Ruwan da kake kokwanto a kansa kuma ka tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya, in kana kan tsauni sama da mita 2,000 minti uku.

Fitilun nan da ke nuna ruwa ya kai rabi ko kashi ɗaya cikin uku kar ka dogara da su sosai, ƴan ƙusoshi ne a jikin tanki a matakai uku ko huɗu, tsakanin mataki da mataki ba ka san komai ba. Akwai na'urar SeeLevel da ake mannawa a wajen tanki tana ba ka kashi cikin ɗari, tana da kyau, amma ƴar mitar ruwa da ake ɗaurawa a tiyo ta ƙirga litocin da suka shiga ta fi ta araha kuma daga ita za ka gane ainihin abun da kuke sha a rana.

Tankin kansa yana son wanki, aƙalla farkon kowace kakar tafiya da kuma duk lokacin da tirelar ta daɗe a ajiye ko ruwan ya fara wari. Bilic na gida mara turare, wajen mililita ɗaya ga kowace lita ta tanki, wato rubu'in kofi ga galan 15, ka dama shi a bokitin ruwa tukuna kar ka zuba shi tsura, ka cire filta, ka juye a tanki ka cika, ka buɗe kowane famfo har ka ji warin kulorin ka rufe, ka bar shi aƙalla awa huɗu sannan ka zubar ka ɗauraye sau biyu ko uku har warin ya tafi. Jarkoki da salka su ma haka. In kuma hanyarka za ta bi ta inda sanyi yake kaiwa ruwa ya daskare, ka sani ruwa yana kumbura da wajen kashi 9 cikin ɗari in ya zama ƙanƙara, abun da yake fara fashewa shi ne filta da famfon bolt 12 da haɗe-haɗen bututu, a irin wannan daren ka cire tiyon waje ka tsiyaye shi, ka shigo da filta ciki, ka bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin famfo a buɗe ɗumin ɗaki ya shiga, jarka biyu na ruwan sha kuma su kwana a cikin tirelar tare da ku.