Gargaɗi ga makaɗan Garwa da Marwa: kada ku ba mai "canjin firet" ɗin nan jitarku

Salamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Na so in haɗiye maganar nan, don abin kunya ne a ce mutum ya shekara 14 yana kaɗa jita a gidajen biki sannan a yi masa sakiyar da ba ruwa. To shekaranjiya wani yaro mai kaɗa a wata coci a unguwar Yelwa ya kawo mini jitar da yake kaɗawa yana kusan hawaye, ina dubawa na gane hannun. Mutum ɗaya ne ya yi mana, wani mai cewa yana canza firet, wato 'yan ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita.

Yana tallar kansa a zaurukan WhatsApp na makaɗa da kuma Facebook. Wai a Duwala ya koyi aiki, wai yana da wayar firet ta ƙarfen "stainless" wadda ba ta tsatsa, daga Amurka, wadda har jikokinka za su gada ba ta cinye ba. Hotunansa kuwa sai ka rantse: wuyan jita yana walƙiya kamar madubi. Sai bayan da aka cuce ni na koma na zuba musu ido. Ba hoto ɗaya da fuskarsa ko shagonsa ya fito, kuma soket ɗin da ke bango a bayan teburin mai tsaga biyu ne irin na Amurka, alhali namu na Kamaru ramuka ne zagayayyu. Hotunan wasu ya kwaso.

Jitata Epiphone ce samfurin Les Paul, 'yar gwanjo, firet 22. Biyar na farko sun yi kwari a ƙarƙashin tsirkiya ta biyu da ta uku, sauti ya fara zizza. Ya zo har gida a kan babur, bakinsa kamar zuma, "Babban yaya, wannan ai ƙaramin aiki ne." Muka yi sefa dubu 60, na tura masa dubu 40 ta waya don ya yi odar kaya. Kwana goman da ya ɗiba suka zama mako biyar. Kullum kaya suna ajans a Ngaundare.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, wanda da na san shi da tambaya ɗaya ta isa in kore shi. Ku dubi gefen wuyan jitarku. Wasu katako ne tsirara, kana ganin ƙafar kowane firet a gefe kamar ɗan layi. Wasu kuma, irin tawa, akwai siririyar roba fara ko ruwan madara da ta bi gefen allon yatsu daga sama har ƙasa ta rufe bakin tsagogin. Firet kuwa kashi biyu ne: doron da tsirkiya ke taɓawa, da ƙafa mai 'yan ƙayoyi wadda ke nutsewa cikin tsagar da faɗinta bai fi rabin milimita da 'yan kai ba. A wuya marar roba, tsagar ta ratsa daga gefe zuwa gefe, ka buga firet ka yanke abin da ya yi saura. A mai roba ba haka ba ne. Tsagar tana tsayawa a jikin robar, saboda haka dole a gutsure ƙafar firet a baki biyu, a goge ƙarƙashin da magagari ya yi sumul, ta yadda ƙafar za ta zauna tsakanin robobin biyu, doron kaɗai ya hau kansu ya kwanta. Akwai awartaki na musamman da aka ƙera don wannan gutsurar. Firet 22, baki 44, kowanne da awonsa, tunda wuyan yana ƙara faɗi in ka nufi jikin jita. Nan wahalar take, shi ya sa ko'ina a duniya aikin wuya mai roba ya fi tsada.

Shi gogan naka zarto ya ɗauko ya ratsa robar tawa, gefe da gefe, ya mai da ita gunduwa-gunduwa kamar rake. Ya buga firet da ƙafarsu duka, ya cike wuraren da sufa gulu da garin wani farin abu. Da magariba ya kawo mini ita, a ƙofar gida, yana sauri wai zai kama motar Marwa. Na kaɗa kiɗa biyu a tsaye, na ga ƙarafa sababbi suna sheƙi, na cika masa dubu 20 har da godiya.

Hunturu ne ya tona asirin. Kun san yadda iskar Disamba take busar da komai a Garwa, har leɓe. Katako yana tsukewa in ya bushe, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Bakunan firet suka leƙo waje kamar haƙoran zarto. Ina tsakiyar wasa a wani biki a Rumde Ajiya na zame hannu zuwa sama, na ji zafi, na duba na ga jini a gindin manuniyata. Washegari guntayen roba uku suka ɓalle a cikin jaka.

Na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a bayan babbar kasuwa, wanda ya yi kiɗa a ƙuruciyarsa. Ya sa tabarau, ya juya wuyan a hasken rana, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan, kafinta ko mahauci?" Ya nuna mini gefen tsagogin duk sun ɓantale, alamar an fizge tsofaffin firet a sanyi. Mai sanin aiki yana ɗora wa kowanne ƙarfen dalma mai zafi tukuna, sannan ya ɗaga shi a hankali. Ya aza wani guntun ƙarfe miƙaƙƙe a kan firet uku uku, a na tara ya riƙa rawa kamar kujera mai guntuwar ƙafa. Ba a daidaita tsayinsu ba ke nan, balle a sake zagaye doronsu a goge. Tsakiyar wasu ta zauna, bakunan sun ɗaga, har farce yana shiga, domin ba a lanƙwasa wayar ta bi doron allon ba kafin a buga. Allon Les Paul yana da ɗan tudu, lanƙwasar inci 12, kuma ana tanƙwara wayar ta ɗan zarce haka don bakunan su danne.

Na ce, "Baba, ƙarfen dai aƙalla mai kyau ne ko?" Ya yi dariya, ya goga magagari sau ɗaya, gari ya zubo. Wayar firet da aka saba da ita gaurayen tagulla ne da tutiya da nikel kashi 18 cikin 100, ana ce mata azurfar nikel ko da yake babu azurfa a ciki ko ƙwayar zarra. Ita ma tana shekaru kafin ta yi kwari. Ta "stainless" ɗin kuwa har kayan aiki take dakusarwa. Tawa mako uku kacal ta yi, tsirkiya ta riga ta fara yi mata zane.

Ta yaron Yelwa ta fi tawa ban tausayi. Shi ba a yi masa zarto ba, guduma aka sa aka danna ƙafafun da ƙarfi, suka ture robar waje ta tsattsage tun daga firet na uku har na goma sha biyu. Jitar ma ta cocin ce, aro aka ba shi.

In wani ya ce zai canza maka firet, ka nuna masa robar gefen ka tambaye shi yadda zai yi da ƙafar firet a wurin. In ya ce "ba matsala" bai ambaci gutsurewa ba, ɗauki jitarka. Ka ce ya nuna maka wayar a hannu kafin ka ba da ko dala, ka je inda yake aiki ka ga kayansa da idonka, kuma kada ka karɓi jita sai da rana, ka bi gefen da yatsa, ka danna kowane firet ka saurara. Masu jitar Gibson ta asali mai roba ku ƙara da wannan: galibi robarku tana da 'yan tudu da suka rufe bakin kowane firet, kuma yawanci suna tafiya in an yi canji. Mai gaskiya zai gaya muku haka tun kafin ya taɓa.

Lambar da na tura wa kuɗi a kashe take, shafin ma ya canza suna, amma hotunan su ne dai, har da soket ɗin. Wani abokin kiɗa ya ce ya ga tallar ta ɓulla a zauren makaɗan Kusiri, saboda haka 'yan'uwa na Njamena ku ma ku buɗe ido, gada ce kawai tsakaninku. Ni da yaron za mu kai ƙara komisariya ranar Litinin da rasit ɗin wayar da jitocin biyu. Duk wanda aka yi wa irin wannan ya taho da tasa mu haɗu a can da ƙarfe tara.