Jakunkunan raba kaya a cikin akwati: yadda na same su a hanyar Tawa zuwa Yamai

Ƙananan jakunkunan nan masu zif, waɗanda ake zuba tufafi a ciki sannan a jera su cikin akwati, na sayo nawa a Yamai wajen masu sayar da akwatuna, jika bakwai bayan doguwar ciniki. Shida ne a haɗe: uku masu kusurwa huɗu da raga a murfi, uku kuma shafaffu marasa raga. Na sa tef ɗin ɗinki na auna babbar, tsawonta santimita 40, faɗi 30, zurfi 12. Yadinsu marar nauyi ne, irin wanda ake yin laima da shi. Mai shagon ya ce mini, "Hajiya, kayan akwati biyu za ki zuba a ɗaya." Wannan kam maganar kasuwa ce. Irin nawa ba sa matse kaya, ba sa ƙara wa akwati fili ko na tafin hannu. Aikinsu daban ne, kuma saboda wannan aikin ba na sake shirya akwati sai da su.

Ni malamar lokol ce a Tawa, ƴaƴana uku, kuma in an ba da hutu mukan tafi Yamai gidan yayata. Tafiyar ta kai kilomita 550. Kar, wato babbar motar fasinja, tana tashi tun kafin a kira asuba, a bi ta Badagishiri, a faɗa babbar hanya a Tsarnawa, sai Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Akwati yana can ƙasa a wurin kaya, ba mai kai masa hannu sai an sauka. In an tsaya salla ko cin abinci, tsayawar gajeruwa ce, direba na danna oda mutum bai gama alwala ba. Don haka ƙaramar cikin jakunkunan ba ta shiga akwati, tana jakar hannuna: hijabin salla, wando biyu na auta, tsumma, sabulu, da maganin zazzaɓi. Ko a duhu na zura hannu na san abin da zan taɓa.

Amma abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne rufin asiri. A wannan hanya akwai shingayen jandarma da na duwan, musamman wajajen Ƙonni da ke bakin iyaka, kuma wani lokaci akan ce a sauke kaya a buɗe. Aikinsu suke yi, ba ni da ta cewa. Sai dai duk macen da aka taɓa buɗe wa akwati a bakin hanya, maza na tsaye kewaye, ta san yadda zuciya take bugawa kada ɗan kamfai ko rigar nono su faɗo ƙasa gaban bainar jama'a. Yanzu kayan ciki duka suna cikin shafaffiyar jaka marar raga, a zuge. In an buɗe akwatin, abin da ido zai gani jakunkuna ne a jere. Ma'aikaci ya leƙa ta raga, ya matsa da hannu, in yana son ganin cikin wata ni da kaina nake zuge masa. Da an gama in mayar da kowace mazauninta, akwati ya rufu yadda ya buɗu, ba sai na hau kansa ina dannawa mutane na jirana ba.

Haka ma a gidan saukar baƙi. A gidan Yaya ɗaki ɗaya muke kwana da ƴanmatanta, babu wurin baje kaya. Kowane yaro nawa yana da tasa jaka, na ɗaura wa kowace zare mai launi daban a hannun zif. In an yi wanka sai in ce wa babbar, "Ɗauko mai jan zare ki shirya ƙaninki," shi ke nan, ba ta birkita mini gugaggun kaya. Kakata haka take tafiya a Adar, ƙunshi-ƙunshi a tsofaffin ɗankwali, na goro daban, na zannuwa daban. Dabarar ke nan, zif kawai aka ƙara mata.

To sai dai wanda ya yanka waɗannan jakunkuna bai yi tunanin suturarmu ba. Ƙananan riguna da wandunan da ake naɗewa su ne a ransa. Kayan yara, kallabi, hijabi, atamfa ɗinkakkiya, duk suna zama lafiya lau. Shadda fa? Shaddar da aka kai wa masu bugu ta dawo tana ƙyalli tana ƙara, ba a naɗe ta, kuma ba a ƙara mata ninki a kan wanda mai bugu ya yi. Faɗin wannan ninkin ya fi ƙarfin babbar jakar. In aka tilasta ta shiga, sai ta karye a tsakiya, layin ya zauna daram a gaban riga, guga ma da ƙyar take fitar da shi. Babbar rigar maigida kuwa ba a ma maganarta, aikin wuyan kaɗai ya cika jakar. Waɗannan a shimfiɗe nake sa su a gindin akwati, in lulluɓa da zane, sannan in jera jakunkunan a kai, marasa nauyi a tsakiya.

Ragar murfin ma tana da nata aibin a ƙasarmu. An yi ta ne don iska ta shiga kuma a ga abin da ke ciki, amma inda iska ta bi ƙura ma na bi. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wurin kayan kar yana shan ƙura sosai, kuma akwatin yadi ba ya tare ta duka. Fararen kaya sukan fito da zanen raga ja-ja a jikinsu. Yanzu nakan shimfiɗa ɗan mayafi a saman kayan kafin in zuge. Yashin nan kuma shi ne ajalin zif. Haƙoransa ƙanana ne na roba, na matsakaiciyar jakar ya fara buɗewa ta baya tun ba a je ko'ina ba. Goga masa kyandir yana sa ya yi santsi, amma wanda ya riga ya saki sai canji.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada a kuskura a zuge kaya masu gumi ko danshi cikin marasa ragar nan, kafin a kai Doso sun yi tsami. A bar su su sha iska tukuna. Tsaraba ma ba wurinta ba ne. Cukun da nake kai wa Yaya daga Tawa, da kilishin da nake dawowa da shi, kwalinsu daban, domin yadin yana riƙe mai da wari, wanki biyu ba ya raba shi da su. Kwalbar humra kuwa sai an naɗe ta a leda an ɗaure, jakunkunan ba sa tare ruwa ta wajen ɗinki.

Da Inna za ta tafi aikin Hajji na ara mata su. A kwanakin Mina, inda kowa ɗan wurin kwanciyarsa kawai yake da shi a cikin tanti, ta ce ɗaya ta ishe ta kayan canji, ɗaya ta magunguna, ba ta nemi komai ta rasa ba. Abin da na ja mata kunne a kai shi ne sikeli. Yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke ba akwati ɗaya, kuma jerin kaya mai kyau ba ya rage ko giram guda. Akwai ma wani iri mai zif biyu da ke matse kaya ya fitar da iska. Shi yana ƙara fili da gaske, amma filin ne ke ruɗin mutum ya yi ta ƙari har nauyi ya wuce, ga yamutsa atamfa.

Wadda zif ɗinta ya lalace na kai wa telan unguwarmu. Ya juya ta ciki da waje, ya ce, "Malama, wannan ai ba wani aiki ba ne, in kina da ragowar yadi kawo." Ya sa mata zif mai manyan haƙora, sannan ya ɗinka mini wata da ragowar atamfa daidai faɗin gindin akwatina, ya saka kwali mai kauri a ƙasanta don shadda ta kwanta ba lanƙwasa. Ita ce yanzu ta fi sauran amfani a wurina, kuma kuɗin ɗinkin bai kai rabin na saye ba.

Mai niyyar saye ya zuge kowane zif ya mayar sau da yawa tun a gaban mai shago, ya juya jakar ya duba ko an bi bakin ɗinkin da tef, domin marar tef zare yake saki ya maƙale a zif. Ya zaɓi mai ƙaramar raga da launi mai duhu. In kuma kayan mutum yawancinsu shadda ne da manyan riguna, jaka biyu ƙanana sun ishe shi, sauran ya auna akwatinsa ya kai wa tela.