Zama uku na biya, ɗaya ne kawai ya yi mini rana

Saura mako uku a yi wani taron bita na biya kuɗin wani horo na intanet kan yadda ake gabatar da shawara a gaban mutane. Masu shirya bitar sun rubuto cewa kowa ya zo da shawararsa a shirye, za a ba shi minti 3 ya gabatar a gaban alƙalai, su yi masa tambayoyi, sannan a gyara masa. Tawa shawarar ita ce tsarin tura wa masu shan magani kullum saƙon tunatarwa ta waya. Na fi shekara ina juya ta a raina, amma ban taɓa tsayawa gaban mutane na faɗe ta ba. Tallan masu horon yana ta yawo: zama uku da mai horarwa ta kiran bidiyo, kowane zama awa ɗaya, da gyaran shafukan da za ka haska, da darussan da aka naɗa. Shi na saya.

Darussan da aka naɗa ba su da wani abin a zo a gani. Ƙa'idar wani marubucin kasuwanci ce mai suna Guy Kawasaki, ta 10/20/30, wato shafi 10, minti 20, girman rubutu kada ya gaza 30, sai kuma bayanin Aristotle, masanin falsafar Girka, a kan amincin mai magana da taɓa zuciya da kafa hujja. Duk gaskiya ne, amma wanda aka ba minti 3, ina ruwansa da ƙa'idar minti 20? Tun nan jikina ya fara sanyi.

Zaman farko ne ya sa nake wannan rubutu. Na shiga da shafi 14 da takarda cike da rubutu. Mai horarwar dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya ce in fara kamar a gaban alƙalai nake. Na fara da tarihin yadda tunanin ya zo mini, na shiga bayanin yadda saƙon zai riƙa fita. Ko minti ɗaya ban yi ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malama, dakata. A ce ni ne mai wuƙa da nama a wurin nan. Idan kin gama, me kike so in yi miki?" Wallahi shiru na yi. Shekara guda ina tare da wannan shawara, amma ban taɓa tambayar kaina abin da nake nema a hannun mai sauraro ba. Kuɗi ne? Izini ne? Abokin aiki ne? Ban sani ba. Bai taimake ni da amsa ba, ya bar ni cikin shirun nan har sai da na ce, "Malam, izini nake so in gwada da marasa lafiya 50 na wata uku." Ya ce in rubuta wannan jimlar da manyan baƙaƙe in manna a bango, domin duk abin da ba ya kai ni gare ta ba shi da gurbi a minti ukuna.

Daga nan ya ɗago wata 'yar takarda ya nuna mini ta kyamara. Layuka ne ya jajja, guda 11. Ashe "wato" ɗin da na faɗa yake ƙirgawa. Ya ce a ƙungiyar Toastmasters ta masu koyon magana a gaban mutane ya koyi haka, wadda aka kafa a Amurka a 1924, inda a zamansu ake ware mutum guda aikinsa kawai ƙirga irin waɗannan kalmomin cike gurbi. Maganinta, in ji shi, idan na ji tana tahowa in rufe bakina in ja numfashi, shirun daƙiƙa biyu ba ya damun kowa sai mai maganar. Sai ya tambaye ni ko na san wani takamaimai da yake manta magani. Na ba shi labarin gwaggona mai hawan jini, ranar da na buɗe 'yar robar da ake jera mata ƙwayoyin mako na tarar da na Litinin da Talata da Laraba suna nan ba a taɓa ba. Muryata ma sai da ta yi rawa. Ya ce, "To ga farkonki nan, kika ɓoye shi a shafi na 9." Muka zubar da shafi 8, aka bar 6. Ya ba ni aikin gida irin salon PechaKucha da aka fara a Tokyo a 2003, inda shafi 20 ke juya kansu bayan kowace daƙiƙa 20. Ni ya ce in saita nawa a daƙiƙa 30, ko na gama ko ban gama ba shafi ya wuce. A ranar, da an ce in ba masu horon tauraro, biyar zan ba su ba tare da na yi tunani ba.

Amma da na tuna abin da ya biyo baya, raina sake ɓaci yake yi. Zama na biyu wani matashi suka haɗa ni da shi, ba tare da sun sanar da ni ba. Bai ga aikin da muka yi ba, bai ma san mece ce shawarata ba. Wata takarda yake bi yana yi mini tambayoyi, har ya ce in ƙara shafin tarihin aikin, abin da dattijon ya sa na cire. Muna cikin magana kiran ya yanke a minti 40, domin manhajar kyauta suke amfani da ita, kuma bai sake kira ba. Awa ɗaya fa na biya. Zama na uku sau biyu suna ɗagewa, daga baya shiru kake ji. Gyaran shafukan kuwa sai daren jajibirin bitar ya iso, layi biyu: in canza launin rubutu, in ƙara hoto. Na rubuta musu ƙorafi sau uku, amsar na'ura ce take dawo mini.

Ranar bitar na gama a minti 2 da daƙiƙa 45, kuma na ga ɗaya daga cikin alƙalan ta ajiye biro lokacin da na ambaci robar maganin. Wannan aikin dattijon ne. Sai wani alƙalin ya tambaye ni inda zan adana lambobin wayar marasa lafiya, da yadda zan samu amincewarsu, tunda bayanin lafiya sirri ne. Na yi ta kame-kame, "wato" ɗin nan ta dawo gaba ɗaya. Zama na ukun da suka cinye, shi ne aka tsara domin atisayen amsa tambayoyi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Tauraro biyu na ba su, kuma biyun nan na dattijon ne. Wanda zai saya, ya sa su rubuta masa cewa mutum ɗaya ne zai horar da shi daga farko har ƙarshe, da ranakun zaman duka uku, kafin ya tura ko sisi. Ni har yau ina jiran su mayar mini da kuɗin zaman da ba a yi ba.